Cukun da Inayat Ta Bari a Hanya

Maganar ƙarshe da matata ta yi da hankalinta a jikinta ba a kaina ta yi ta ba. A kan cuku ta yi ta. Ta kama hannun rigata a gadon asibiti, ta ce, "Sabri, cukun nan yana hanya. Kada ka bar shi." Na ce to. Ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye ta goge ido, don a zatonta wata maganar sirri ce irin ta tsofaffin masoya. Ban gyara mata ba. Gyaran rubutu na yi a maɗaba'a har idona ya raunana, kuma na san ba kowane kuskure ne ya cancanci jan biro ba.

Cukun na gaske ne, gwargwadon yadda abin da ke cikin kwamfuta yake zama gaske. Bayan Inayat ta yi ritaya daga koyar da lissafi, wata tsohuwar ɗalibarta ta sa mata wasan tuƙin tirela. Matar da ba ta taɓa wuce Alƙahira ba, wadda ko taragon cikin garinmu Iskandariyya ba ta hawa sai ta riƙe ƙarfe da hannu biyu, ta wayi gari direba. Ta sayi sitiyari da totur da birki. Kullum bayan la'asar takan gyara zaman ɗankwalinta, ta zauna, ta ɗauki kaya daga wani gari na Turai ta kai wani. In na yi magana sai ta ce in yi shiru, tana shiga kwana. Ni kuma ina gefe da littafi. Na karanta abin da ya isa ya sa mutum ya daina son jama'a, ita kuwa ta zaga ƙasashe tana gaida masu sayar da mai.

Ranar da ciwon ya kayar da ita tana ɗauke da cuku daga Faransa zuwa wani gari da ake kira Bergen. Ta ajiye motar a gefen hanya, ta kashe, ta ce mini kanta na juyawa.

Da masu ta'aziyya suka gama cinye abin da ke gidan suka watse, na kunna kwamfutar. Wasan ya ce in jira, yana sabunta kansa. Na jira. Da ya gama sai sikirin ya yi baƙi, wani ɗan rubutu ya fito a tsakiya cikin ladabi, wai katin hoton da ke cikin na'urar ya tsufa, ba zai iya zana hanyar ba. Hanyar da ya shekara da shekaru yana zanawa. Na san irin wannan takardar, an taɓa ba ni ita a maɗaba'a.

Kada wani ya ɗauka ƙauna ce ta tayar da ni. Jimla ce aka bari babu aya, ni kuma ban iya zama a ɗaki ɗaya da irin wannan ba.

A benen masu kwamfuta na kusa da tashar tarago aka nuna mini shagon Bashmuhandis Hilmi, wato babban injiniya. Injiniyancinsa irin na garin nan ne, wato yana da sukundireba. Ƙaton mutum ne a shagon da bai fi kabad ba, yana ɓarar 'ya'yan kankana yana tofar da ɓawon a cikin murfin wata tsohuwar kwamfuta. Na faɗa masa abin da sikirin ya ce. Bai bari na ƙarasa ba ya miƙa hannu sama ya sauko da wani kwali. Katin da ke ciki ya kai tsawon damtsena, da fanka uku a jere kamar murhun gidan biki. Kuɗinsa ban so in tuna.

Na ce masa na ɗan yi karatu kafin in fito. An ce sai an duba babban allon da komai ke maƙale a jikinsa, wanda su ke kira madabod, a ga ko yana da ramin da zai karɓi katin, a kuma duba ko wutar za ta ɗauka.

"Zai shiga, ya Basha," in ji shi.

Na tambaye shi yadda ya sani, alhali bai ga na'urar ba. Ya dube ni kamar na nemi ganin takardar auren iyayensa. Ya ce shekarunsa a wannan bene bai taɓa ce wa kowa abu ba zai shiga ba, don wannan maganar ragwaye ce da mutanen ƙasashen waje. Amma tunda ni mai shakka ne, in kawo ta ya gani.

A nan matsalar take. Ba ta kawuwa.

Yayan matata, Usta Gharib, kafinta ne a Dumyat. Lokacin da Inayat ta sayi kwamfutar ya zo ziyara, ya ga akwatin ƙarfe tsirara a falon ƙanwarsa, ya ce wannan abin kunya ne ga dangi. Ya koma ya dawo da katako a mota. Ya gina kabad a kewaye da ita, daga ƙasa har rufi, da ruwan zinariya da zanen inabi da ƙafafun zaki. Ya bar gurbin sikirin, ya yi wani allo mai fitowa na ɗaure sitiyari. Ita kanta kwamfutar ya rufe ta a ƙasa ta hagu, ya bar mata wata ƙofa kamar tafin hannu don danna maɓalli, da ɗan sassaƙe mai hujoji don ta sha iska. Duk da gam ya haɗa. Yana alfahari da cewa shi ba ya yin kayan da ake kwancewa. Tun daga ranar babu wanda ya sake ganin jikinta.

Hilmi ya biyo ni gida da katin a hammata. Ya tsaya gaban kabad ɗin ya yi masa sallama da kai, kamar yadda ake yi wa kabarin wani babba. Ya ce ba sai an buɗe ba, ita da bakinta za ta faɗi sunan allonta. Ya danna nan, ya danna can, sai ga amsar. A inda ya kamata a ga sunan kamfani an rubuta: wanda ya haɗa zai cike wannan gurbi. A ƙasa, inda ya kamata a ga lamba, an sake rubuta haka.

Na daɗe ban ji ƙaunar wata na'ura irin ta ranar ba. Wani ma'aikaci a wata ƙasa mai nisa ya tafi cin abinci ya bar gurbi, babu wanda ya duba bayansa, kuma matata ta zaga Turai a kan wannan gurbin.

Hilmi ya ce ya san kamfanin, kayansu na da ƙarko.

Ya ɗaure wayarsa da zare ya zura ta ta hujojin sassaƙen, fitilarta a kunne. Ya jawo ta muka duba hoton. Ƙura ce, da wani abu mai kama da tsinken gashi. Ya sake zurawa, muka samu ƙurar ta wani ɓangaren. Daga nan ya ce komai lafiya, zai shiga, sai dai a ɗan yanka katakon.

Ba ni da ikon yanka aikin Usta Gharib ba da saninsa ba, sai in ina so a daina gaishe ni daga nan har Dumyat. Na kira shi. Washegari ya sauko daga jirgin ƙasa da fensir a bayan kunne, ya shigo ya shafa inabin da tafin hannu, ya duba ko na bar ƙura. Sannan ya zauna ya sha shayi ya faɗi abin da ya shirya a hanya.

Ya ce ba a raba gado ba. Ni da Inayat ba mu haihu ba, iyayensu sun rasu, shi kaɗai ya rage mata. Rabi nawa, rabi nasa. Har sai an raba, babu zarton da zai taɓa kabad ɗin.

Na ce na yarda, na ɗauki rabin hagu.

Ya yi murmushi irin na wanda ya tambayi malami kafin ya hau jirgi. Ya ce abin da ba a raba ba, ba shi da hagu da dama. Kowace ƙwayar inabi rabinta nasa ne. Duk inda zarto ya shiga, ya shiga hakkinsa.

Littattafan shari'ar da na gyara sun fi shekarunsa yawa, don haka na tuna masa cewa wasiyya ake fara zartarwa kafin a zo kan rabo, kuma marigayiya ta bar wasiyya a gaban shaida.

"Wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, ya mai littattafai," in ji shi. "Kuma cuku ta ce. Ka ji ta ce zarto?"

Na yarda ba ta ce zarto ba.

Ya ƙara da cewa tunda maganar ta kai nan, gara in sani rabin tirelar ma nasa ne, haka rabin cukun. Ya juya ga Hilmi ya tambaye shi yadda kasuwar cuku take a Bergen ɗin. Hilmi ya ce tana da kyau sosai a wannan lokacin na shekara.

Muka tsaya muna kallon kabad. Hilmi ne, don bakinsa ba ya jure shiru, ya ce ai da ta baya za a bi, in da bayan na buɗuwa. Ya tambayi Usta irin katakon da ya sa a can.

Usta Gharib ya cire fensirinsa ya duba bakinsa. Ya mayar. Ya ce wa yake kallon bayan kabad? Katako mai kyau ba a ɓata shi a inda ido ba ya zuwa. Babu baya. Ya dai manna aikin da bango.

Ni kuwa na san abin da ke wannan bangon. Gidanmu da na maƙwabta da can gida ɗaya ne, mai gidan ya raba shi biyu don ya karɓi haya biyu. Ƙofar da ke tsakani bai toshe ta da gini ba, ya buga mata katako ya shafa fenti. Daidai nan kabad ɗin ya tsaya. A ɗaya gefen kicin ɗin maƙwabciyarmu Sitt Kawsar ne.

Usta ya ce ƙofar mai gida ba ta cikin gado. Ba shi da ja. Shi da kansa ma zai cire ta.

Sitt Kawsar da Inayat sun yi gaba tun muna da baƙin gashi, a kan igiyar shanya. Ban taɓa gane wa ya fara ba, kuma duk lokacin da na tambaya sai labarin ya ƙara nisa baya. Ta zo ta'aziyya, ta yi kuka fiye da kowa, ta ce shinkafar ta yi gishiri. Ni rabon da in yi mata magana mai aikatau a ciki na manta. Na sayi tiren alawa na ƙwanƙwasa ƙofarta.

Ta buɗe iya faɗin fuskarta. Ta dubi tiren ta dube ni, ta ce in aure na zo nema in koma, ta binne ɗaya ya ishe ta. Na ce ba aure ba ne, bango ne. Na yi mata bayani a tsaye a bakin ƙofa, tun daga cukun har zuwa katin. Tana saurara, ƙofar na ƙara buɗuwa.

"Tirela," ta ce. "Ashe tirela ce. Ustaz Sabri, duk shekarun nan ina jin abin ta bango bayan la'asar, na ɗauka kai ne kake munshari. Har tausayinta nake ji. Sau biyu na bar mata igiyar saboda haka."

Na ce ina ba da haƙuri a madadin injin.

Ta ce ita dama ta san Inayat ba ta gama abu. Ta karɓi tiren. Sharuɗɗanta su ne kada a shigar mata da takalmi, a mayar da kowace kwalba inda aka ɗauke ta, kuma ita ba za ta fita daga kicin ɗinta ba don wasu maza uku suna son wasan yara.

Ƙofar tana bayan wata kanta cike da kwalaben lemon tsami da zaitun da ta jiƙa, wasu tun mijinta na raye. Muka kwashe su tana kiran sunan kowace kamar ana kiran ɗalibai. Usta ya zare katakon mai gida, yana zagin wanda ya buga shi. Sai ga bayan kwamfutar a cikin duhu, wayoyi sun fito mata kamar saiwa. Hilmi ya durƙusa ya kama ta da hannu biyu, Usta ya riƙe ƙugun Hilmi, aka jawo ta da baya kamar ana karɓar haihuwar saniya. Ƙurar da ta biyo ta ta sa Sitt Kawsar ta faɗi wata magana a kan tsaftar marigayiya, sannan ta nema mata rahama.

Hilmi ya ɗora ta a teburin yanka albasa ya zare murfin gefe. Ga allon nan, kore, babu suna a ko'ina. Ga kuma dogon ramin da ake nema. Ya nuna mini da bakin sukundireba, ya nuna wa Usta, ya nuna wa Sitt Kawsar, ya ce a shaida.

Ya cire tsohon katin, wani ɗan abu kamar biskit, ya miƙo mini. Ban san abin da ake yi da shi ba, na sa a aljihu. Ya ɗauko sabon ya saita ƙafarsa da ramin. Ƙafar ta dace. Jikin ne ya ƙi. Katin ya fi akwatin tsawo, wutsiyarsa ta tokare da ƙarfen gaba.

Na ce bai shiga ba.

"Ya shiga, ya Basha. Fita ne bai gama ba."

Ya nemi almakashin kifi na Sitt Kawsar, ta hana. Usta ya ara masa wani abin yankan kwano daga jakarsa, tunda ƙarfen ba aikinsa ba ne. Sai da Hilmi ya ɗaga shi sannan Usta ya tuna kwamfutar ma gado ce. Ya yi tunani, ya ce wannan ya shiga cikin kashi ɗaya cikin ukun. Hilmi ya yanka ƙarfen, ya lanƙwasa gaban akwatin waje kamar an buɗe gwangwanin kifi. Katin ya zauna, wutsiyarsa a waje tana kallon firji.

Daga nan aka gano wutar ba za ta ɗauka ba. Akwatin wutar da ke ciki ba shi da wayar da katin ke so, ba shi kuma da ƙarfin ciyar da fanka uku. Na tuna wa Hilmi cewa na yi wannan maganar a shagonsa. Ya ce shi ya sa ya taho da sabo a jaka, don ya ga ni mutum ne mai damuwa. Sabon ma bai zauna a gurbin tsohon ba. Ya ajiye shi a gefe ya ɗaure da igiyar roba, wayoyi suka tsallaka kamar hanjin rago.

Abin da ya fito daga hannunsa ba zai koma ramin da ya baro ba. Ya fi shi faɗi, ya fi shi tsawo. Muka dubi Usta Gharib. Ya ce ko kaurin farce ba za a ƙara wa ramin ba, kuma kada a sake tambayarsa yana cikin makoki.

Haka kwamfutar matata ta tare a kicin ɗin abokiyar gabarta. Aka mayar da kantar, aka ba kwamfutar hawa na biyu tsakanin zaitun da lemon tsami, wayoyin suka bi ta ramin suka iso gefena. Na dage wutar ta fito daga mitata, don ba na son a ce. Maɓallin kunnawa dai ya koma can. Kuma tun da Hilmi ya taɓa ta, in na kashe ta daga gabana sai ta yi ɗan tunani ta sake kunna kanta. Sai an danne maɓallin. Hilmi ya ce sababbin duk haka suke, ba sa son zama.

Na koma falona na zauna a kujerar Inayat. Na ƙwanƙwasa kabad. Daga can ciki muryar Sitt Kawsar ta ce ta ji, ba kurma ba ce. Fankoki suka tashi.

Motar tana inda Inayat ta bar ta, a gefen hanya, a daidaice, ba ta taka layi ba. Ruwa ake yi. Na sha ganin ruwan wasan nan ta saman littafina, wasu farare-fararen karce ne kawai. Yanzu kowane ɗigo yana gangarowa a gilashi da hasken fitila a cikinsa. Ciyawar bakin hanya na kaɗawa ɗaya-ɗaya. A madubi ana ganin jikin tirelar a jiƙe. Ita ba ta taɓa ganin wannan ba. Shekarunta duka a cikin hazo ta yi tuƙi, ni da na zo kai saƙo aka wanke wa duniya. A saman sikirin an rubuta sunan direba, Inayat.

Ban taɓa tuƙa ko keke ba. Usta ya jawo kujera ya zauna a damana a matsayin mai rabin kaya. Hilmi ya tsaya a bayana ya ce abu ɗaya ne tuƙi, hon. Wanda ya fara danna hon shi ke da hanya. Na danna. Babu wanda ya kula, mutanen can ba su jin yaren. Na taka totur, motar ta yi gurnani ta fita, na kwashi ƙarfen gefen hanya na yi tafiya da shi. Wani rubutu ya fito cewa kaya sun ɗan lalace. Usta ya ce a rabona.

Ba a rana ɗaya na kai ba. Hilmi ya koma shagonsa, Usta ya koma Dumyat, amma kullum bayan magariba sai ya kira ya ji inda cukunsa ya kwana. Ni kuma kullum bayan la'asar sai in ƙwanƙwasa kabad. Wani lokaci ta danna nan take, wani lokaci ta ce hannunta da kifi, in jira. Na koyi jira. Na koyi cewa tirela in ka juya kanta, gindinta yana da nasa ra'ayin. An ci ni tara a ƙasashen da ban taɓa sa ran zan yi wa laifi ba. Na kwana a gidan mai, na shiga jirgin ruwa da motar gaba ɗaya, na ɓata a wani shataletale har Sitt Kawsar ta ce ta ramin, daga ƙarar ta gane zagaye nake yi.

Wata ranar Talata na gangaro daga wani dutse na ga ruwa da gidaje masu launi. Bergen. Na bi kibiya har wani fili mai shinge, aka nuna mini wani farin layi a jikin sito, aka ce in shiga da baya.

Na shiga da baya. Tirelar ta naɗe kamar wuƙar aljihu. Na fita na sake, ta naɗe ta ɗaya gefen. Sikirin ya ga halin da nake ciki ya yi mini tayi, wai in danna wani wuri su ajiye mini. Na san abin da malamar lissafi za ta kira wannan, satar amsa. Na ƙi. Na yi gaba na yi baya har inuwar taga ta bar ƙafata ta hau bango. A ƙarshe motar ta shiga a karkace, kamar sa hannun mai rawar jiki, layin ya koma kore.

Aka rubuta cewa an kai. An makara ƙwarai, wani ɓangare na cukun ya lalace, an cire abin da aka cire. Aka kwance tirelar, kan motar ya rage shi kaɗai a filin, injin na rawa a hankali. An gode wa Inayat.

Na cire hannuna daga sitiyari. Na zauna ina jiran in ji abin da mutum ke ji in ya sa aya. A maɗaba'a in na gama littafi nakan rufe shi in tura gefe, wani ya ɗauka, in tafi gida in tarar da Inayat tana shiga kwana. Na dubi gefena inda kujerata take da littafin da na kife tun kafin asibiti. Falon ya yi girma. Sikirin ya kawo wasu kayan da ke jiran direba, yana tambayar ta wanne za ta ɗauka.

Na ƙwanƙwasa kabad. Shiru. Na sake.

"Me?" in ji Sitt Kawsar.

Na ce na kai, ta kashe.

Ta ce ba yanzu ba. Na durƙusa na buɗe 'yar ƙofar na leƙa ta ramin. Ta shimfiɗa ganyen lalo a faranti a gaban wutsiyar katin, wani farantin a sama, wani a kan kwalaben zaitun. Ta ce kwana biyu ke nan ta gano iskar da ke fita daga abin nan ta fi rufin bene busar da ganye, ba ƙura, ba kashin tattabaru. Kuma ta sayi lalon shekara guda jiya.

Na ce to ta bar shi a kunne, ni zan tashi.

"A'a. In kana tsaye iskar sanyi take yi. Sai kana tafiya take zafi, musamman in kana hawa dutse. Na lura."

Na ce mata ni tsohon mai gyaran rubutu ne, ba murhu ba. Na cika wasiyya, ba ni da sauran hulɗa da hanya. Ta ce ita ba ta tambaye ni tarihina ba. Kicin ɗinta ne, kantarta ce, maɓallin kuma yatsanta ne ke kai masa.

"Ɗauki mai nisa, Ustaz Sabri. Ganyen da yawa."

Na tashi daga durƙuson, gwiwoyina na ƙara. Na koma kujera. Akwai bututun ƙarfe zuwa wani gari kusa, akwai kujerun makaranta zuwa Lisbon, can ƙarshen ƙasa, ta kan duwatsu. Na ɗauki kujerun. Aka ɗaura mini tirelar, na fita daga filin ban taɓa shingen ba.

Na ɗan yi nisa sai muryarta ta sake fitowa daga ƙasan kabad, ta ce har yanzu da sanyi-sanyi, in ƙara wuta.

Na ƙara.